Sati Biyu Ba Ci

Wari ne ya tashe ni, tun kafin ladanin unguwarmu ya kira assalatu. Na haska akwatin da fitilar waya, sai ga ɗan ɓeran da ta haɗiye shekaranjiya yashe a gefe, ya kumbura, yauƙi ya lulluɓe shi. Ita kuma ta dunƙule a lungu, ta cusa kanta cikin jikinta.

'Yar mesa ce, irin ƙananan nan marasa dafi da ke naɗewa kamar gammo idan sun tsorata. Irinsu ake kwasa daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, inda ake ajiye su a ɗaki kamar kyanwa. A birnin Zariya kuwa wuri biyu aka san maciji: hannun gardi, ko ƙarƙashin sanda. A wajen wani mai wasa da macizai na saye ta, kusa da Ƙofar Doka, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Inna ta yarda ne bisa sharaɗi: iyakarta ɗakin zaure, ranar da ta leƙa tsakar gida, ranar za ta bar mana gida.

Laifin nawa ne. Washegarin da ta ci, abokaina suka zo hira, na fito da ita ana miƙa ta hannu zuwa hannu, ana ɗaukar hoto. Macijin da ya ƙoshi idan ya firgita yakan zubar da abin da ke cikinsa don ya samu saurin gudu. Ga shi Janairu ne, hunturu ya kankama. Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin inda ya kwanta ne ke narkar masa da abinci. Irin tawa tana son gefe ɗaya na akwati ya kai digiri 31 ko 32, mu kuwa darenmu yakan sauka ƙasa da 15. Abinci sai ya fara ruɓewa a ciki tun bai narke ba.

Na kira wani abokina da ke karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru. Na tambaye shi ko in sake ba ta wani yau, tunda cikinta ba komai.

"Kada ka kuskura," in ji shi. "Sati biyu, ruwa kawai da ɗumi. Kuma ka cire hannunka a kanta."

Ya ce aman ya ƙone mata maƙogwaro, ruwan cikinta ya ragu. Idan ta ci yanzu za ta sake yi, na biyu kuwa ya fi na farko muni, a haka ƙanana ke mutuwa. In ta maimaita, in kawo ta asibiti a duba ko tsutsar ciki ce.

Wannan ne ya yi min wuya. Mu jinyarmu abinci ce: a dama kunu, a yi farfesu, a ce daure ka ƙara ko cokali ɗaya. Ga ni ina kallon ƙashin bayanta yana fitowa, an ce taimakona shi ne in hana ta. A kwana na tara har na ɗauko ɓera, na mayar.

Wuta ba ta tsayawa, garwashi kuma hayaƙinsa zai iya kashe ta. Sai na koma zuba ruwan zafi a gora, in naɗe da tsumma, in jingina a gefe ɗaya daga waje, don ta matsa in zafin ya yi mata yawa. Amma kafin ƙarfe uku gorar ta huce. Dare na huɗu na fito hura gawayi, Inna ta ɗaga labule.

"Kai ɗan nan, don wannan abar kake hana mutane barci?"

"Inna ku yi haƙuri, sanyi ne."

Ba ta amsa ba. Da magariba na tarar da babban filas ɗinta a bakin zaure, cike da tafasasshen ruwa.

Rana ta goma sha biyar na ba ta jinjirin farin ɓera, rabin girman wancan. A wajen masu kiwo nake saye, don ɓeran gida ba ka san ko ya ci guba ba. Ta daɗe tana fito da harshe, sannan ta cafke. Na rufe akwatin da zane, kwana uku ban taɓa ta ba, kullum da asuba hancina nake fara turawa ɗakin. Ba wari. Bayan mako guda ta yi kashi, na fita tsakar gida da murna na gaya wa Inna.

Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba.

"To madalla. Sai ka wanke min filas ɗina, da sabulu, sau uku."