Gam ɗin da ya yi yawa

A kamun kifi da ƙwaron bogi, irin wanda ake yi a Ingila, ƙugiyar ba ta da nauyin da za a jefa ta da shi, domin galibi gashin tsuntsu ne da makamantansa ake naɗa mata. Igiyar ce mai nauyi: kakkaura ce, an lulluɓe ta da roba. Tsakaninta da ƙugiya akwai siririn zaren nailan, galibi ƙafa 9, wanda kifi ba ya saurin gani. Duk rigimar tana mahaɗin waɗannan biyun. Ƙulli yana riƙewa, amma yana sarƙewa a zobban sandar fatsa daidai lokacin da kifi ya matso kusa, shi ya sa mutane da yawa suka koma haɗin da babu ƙulli.

Wanda na koya a tafkin Rutland shi ne na saƙaƙƙen bututun nailan mai madauki a ƙarshensa. Ana tura bakin igiyar cikin bututun kaɗan-kaɗan har ya kai gindin madaukin, sannan a yi wa zaren madauki a saƙala shi a na bututun. Dattijon da ya nuna mini ya ja kunnena cewa ɗigo ɗaya na gam ya isa, shi ma a bakin bututun kawai, inda saƙar take warwarewa.

Na ji shi, amma ban yarda ba, kuma ban tambaye shi dalili ba. A raina, yaya ɗigo ɗaya zai riƙe kifi? Da na koma gida sai na shafe bututun da gam tun daga sama har ƙasa, ya bushe ya yi tauri, ina ganin na fi shi taka-tsantsan.

Ashe ba gam ne ke riƙe igiyar ba. Saƙar ce ke riƙewa, kamar zarge: ana ƙara ja tana ƙara matsewa. Aikin ɗigon nan shi ne ya hana bututun zamewa lokacin da babu ja. Ni kuwa na sandarar da saƙar, ta kasa matsewa, nauyi duka ya koma kan gam da ke manne da roba mai santsi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Da babban kifi ya kama ya ja, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Bututun ya zare gaba ɗaya. Rasa kifin bai dame ni ba kamar yadda ya tafi: ƙugiya a baki, yana jan zare ƙafa 9 wanda ba ya ruɓewa da wuri, mai iya naɗe shi a ciyawar ruwa ko ya harɗe ƙafar tsuntsu. Girman kaina ne ya jawo masa wannan.

Da na gaya wa dattijon, bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi igiyar, ya yanke bakin da ya lalace, ya sa sabon bututu da ɗigo ɗaya. Ya rataya madaukin a ƙusa, ya miƙo mini igiyar ya ce in ja da ƙarfina. Tun daga ranar nake gwada kowane haɗi a haka kafin in sa shi a ruwa, har da madaukin da ake narko wa sababbin igiyoyi tun daga masana'anta.