Kuɗin Rufin Asiri a Birni

Idan aka tambayi Bahaushe abin da yake nema a duniya, ba safai yakan ambaci dukiya ba, sai ya ce rufin asiri. To, nawa ne kuɗin rufin asirin nan ga miji da mata a birni? Wannan tambaya ce ta hana wani ɗan Kudan barci, bayan da ya sami aikin masinja a Kaduna, ya ɗauko amaryarsa daga Makarfi.

A gida bai san ana sayen ruwa ba. Ɗaki na gado ne, masara tana rumbu, rake yana fadama, tumatir kuwa idan ya yi yawa a ƙasar Ikara har yanka shi ake yi a shanya. Da suka sauka birni sai ya tarar kome da kuɗinsa: haya, ruwan 'yan garuwa, wutar lantarki, gawayi, da kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne. Ya kai 30,000 a 2019, ya zama 70,000 a 2024. Nasa albashin bai ɗara wannan da yawa ba, ga shi kuwa mai awo mudu ya sani, ba ruwansa da dokar gwamnati.

Wani dare suka zauna lissafi, ya ga wata bai kai ashirin ba aljihu ya bushe. Matar ta ce, "Maigida, ai ka manta abu biyu: buhun masarar da Baba ke aikowa, da mazarƙwailar da nake sayarwa a cikin gida." Nan ya gane ashe rumbun Kudan ne ke cike giɓin albashin Kaduna. Amma ƙauye ma yana bin nasa bashin. Da damina za a nemi kuɗin taki, ɗan'uwa kuma idan ya zo birni neman magani, gidansu ne masaukinsa.

Saboda haka suka tsayar da ma'auninsu. Kuɗin da ya ishi ma'aurata shi ne wanda zai biya haya ba a ɓuya wa mai gidan ba, ya ɗora tukunya, ya sauki baƙo da fara'a, ya aika taki gida, sa'an nan a sami na zubin adashi. Har yanzu ba su kai can ba, amma idan wata ya ƙare tare suke zama su yi lissafi. Allah ya rufa asiri.