Minshari Ba Abin Dariya Ba Ne

Jama'a, akwai wata cuta da ke kwana da mu a ɗaki ɗaya, amma maimakon mu nema mata magani sai muka mai da ita abin raha. Ina nufin minshari, wanda mu mutanen ƙasar Zamfara da Sakkwato muke kira hansari. Duk ɗalibin da ya zauna ɗakin kwanan makaranta ya san yadda ake tsokanar mai shi, har a laƙaba masa suna, a ce ya tada injin niƙa. Wasu ma gani suke yi alamar barci mai daɗi ce. To, ba kullum ba.

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta ƙuntace. Iskar da ke kutsawa ta wannan matsatsi ita ke kaɗa naman, a ji ƙara. Ga wasu mutane kuwa hanyar takan toshe ɗungurungum, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sai jiki ya zabura, mutum ya ja iska da ƙarfi, ya koma barci bai san abin da ya faru ba. Likitoci na ƙidaya wannan tsayawa a kowace sa'a: daga 5 zuwa 14 ciwon ƙarami ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Yana tafiya da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ƙiba da kaurin wuya suna ƙara shi.

Ni a kan wani kawuna na san wannan ciwo. Direba ne a Bakura, yana ɗaukar buhunan shinkafar da ake nomawa da ruwan madatsar Bakalori ta ƙasar Maradun, ya kai kasuwar Talata Mafara, wani lokaci har Gusau ko Sakkwato. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matarsa ce ta fara lura cewa ba ƙarar ce abin tsoro ba, shirun da ke biyo bayanta ne. Takan zauna cikin dare tana jira ya numfasa, in ta ga ya daɗe ta taɓa shi ta ce, “Malam, gyara kwanciya.” Da safe ya tashi da ciwon kai, da rana yana gyangyaɗi a majalisa. A shekarar 2022 barci ya sace shi a kan sitiyari da rana tsaka, mota ta sauka gefen titi. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Da aka kai shi babban asibiti aka auna barcinsa, aka ce nasa matsakaici ne. Maganin da aka fi dogara da shi a duniya wata na'ura ce mai hura iska ta hanci duk dare, wadda wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Tana aiki ƙwarai, amma tana da tsada, kuma da lantarki take aiki. Wanda ya san ƙauyukanmu ya san wannan magana ce mai wuya.

A nan ne aka tura shi wurin likitan haƙori, abin da ya ba mu mamaki. Mene ne haɗin haƙori da barci? Ashe harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake. Likitan ya ɗauki awon haƙoransa, aka ƙera masa wata roba mai kama da wadda 'yan damben zamani ke sa wa a baki. In ya sa ta zai kwanta, sai ta riƙe muƙamuƙin ƙasa ta ɗan turo shi gaba, harshe ya biyo shi, hanyar iska ta buɗe. Ba ta bukatar wuta, kuma tana shiga aljihu. Makonnin farko ya yi fama da tsamin muƙamuƙi da yawan yawu, daga baya ya saba. Yanzu yana barci, matarsa ma tana yi.

Amma kada mai karatu ya ɗauka magani ne na kowa. Ta fi amfani ga ƙaramin ciwo da matsakaici, dole a fara da awo, kuma a riƙa komawa wurin likita, domin da daɗewa tana iya gusar da zaman haƙora. Sa'an nan sai mai isassun haƙora masu ƙarfi, don a kansu take kamawa. Wanda duk haƙorin da ya yi masa ciwo sai ya je a fizge shi a bakin kasuwa, ya rufe wa kansa wannan ƙofa tun bai zo gare ta ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, idan mun koma gida hutu mu kasa kunne ga barcin iyayenmu, musamman direbobi, waɗanda rayukan jama'a ke hannunsu. Wanda muka ji numfashinsa na yankewa, mu lallashe shi ya ga likita. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba mu ita, amin.