Suyar Ƙosai Cikin Akwatin Rediyo

Duk mai kama gajeren zango da damina ya san ƙarar nan mai kama da suyar ƙosai, wadda ke cinye labarai. Kakana a Gyadi-Gyadi ya sha kai akwatinsa Tarauni wajen mai gyara. Alhali kuwa akwati lafiyarsa lau, aikin walƙiya ne, wata ma daga ƙasashe masu nisa.

Daga 1957 masana suka kafa tashoshi 16 a duniya, har da Ibadan, don auna ƙarar. Kwamfuta ta tattara alƙaluman, tana ƙiyasta ƙarfinta a kowane wuri da lokaci.

To, ni dai ina ganin wajibinmu ne mu fassara wannan ilmi, kada talaka ya riƙa biyan kuɗin gyaran abin da bai lalace ba.