Ni da Auta a bikin Ingal

Tun da na dawo daga Ingal ake tambayata labari, wasu ranar zubi, wasu a bakin rijiya, har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau guda, wadda ta iya karatu ta karanta ma saura.

Ƙungiyarmu ce ta aike mu, ni da ma'ajiyarmu, mu kai kaya bikin makiyaya da ake kira Cure Salée, wanda ake yi cikin watan Satumba. Jikka 60 munka ranta cikin asusu, munka yi man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji da sabulu. Kun san nauyin kuɗin jama'a. Matsalar ita ce Autata, shekararta huɗu da rabi, yayyenta duk suna gona wurin roron wake. Uwar mijina ta ce, "Ke yanzu wurin kiɗi da raƙuma za ki kai yarinyar ga?" Na ce, "Inna, kwana uku ne, kuma idona na kanta." Ku riƙe wannan magana tawa.

Da asuba munka bar Tawa. A Tabalak tabki ya cika, munka sayi soyayyen kihi. Bayan Abalak gonaki sunka ƙare, sai ciyawa shar iyakar ganin ido, da garkunan shanu masu dogon ƙaho. Hanyar kam ramuka ne, Auta ta yi amai sau biyu, sannan ta yi barci har munka bar babbar hanyar Agadas munka kama ta Ingal.

Ingal ƙaramin gari ne mai gonakin dabino, mutanensa na da harshensu da ake ce ma Tasawak, amma Hausa na ci a kasuwa. Abin da ke tara jama'a nan gishiri ne. Ƙasar wajen da ruwanta da ciyawarta duk da gishiri-gishiri, shi ya sa ƙarshen damana Buzaye da Fulani ke koro dabbobi su sha su lasa, su yi ƙarhi kahin rani. In dangi sun haɗu bayan wata da watanni, ai sai kiɗi da rawa da neman aure.

Abin da ya hi burge ni tande ne, kiɗin matan Buzaye. Wallahi turmi ne, irin wanda kike daka hura cikinsa. Sai su rufe bakinsa da fatar akuya, su ɗaura taɓare biyu a gefe da gefe, mata biyu su zauna kansu don fatar ta ɗame, ana yayyafa mata ruwa lokaci-lokaci. Guda na bugawa da hannu, guda na bada waƙa, saura na amshi da taɓi. Wata kuma ta kifa ƙwarya cikin ruwa tana bugu, kamar yadda muke yi a gidan biki. Mazan nan da rawunansu sai su zo kan raƙuma da ado, suna kewaya matan, raƙuman na jefa ƙafa daidai da kiɗin. Auta ta tsaya baki buɗe. Can ta ja zanena ta ce, "Mama, ina za su daka tuwon dare?"

Rawar Bararoji ce ba ta so ba. Samari sun jeru, huska ta sha jan ƙasa da rawaya, leɓe baƙi ƙirin, gashin jimina a ka, suna zare ido suna yaƙe haƙora don ƴammata su ga harinsu. Ba ganga ko guda, muryoyi ne kawai da taɓi da dirin ƙafa. Ni na ga kyau, ita ta ga dodanni. Ta ƙwala ihu ta maƙale mini, sai da na goya ta. Wata dattijuwar Bafulatana ta yi ta dariya, ta miƙo mata cuku.

Dare na biyu ne anka yi wasan masu jita. An tada injin wuta, an kafa manyan amsa-kuwwa, samari da ƴammata kamar ƙasa. Ma'ajiya ta ce mu matso da kayanmu kusa, nan ciniki yake, kuma gaskiyarta. Ƙarar kuwa har cikin ƙirji kake jinta. Auta ta toshe kunne da hannu biyu ta ce zahi. Na yagi auduga na sa mata, na shimfiɗa mata zane bayana, na ce ta kwanta. A nan na yi kuskure. Yaro da ya ce miki ƙara ta yi mishi yawa, ba zai kwanta ba don kin ce ya kwanta.

Wasu mutane sunka zo sayen man gyaɗa lita biyar, munka yi ta jan ciniki, na kwance lalita ina neman canji da hitilar salula. Da na waiga, zane ne kawai da takalminta guda.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Na kira sunanta, ni kaina ban ji muryata ba. Na saki kuɗin nan a tabarma, kuɗin ƙungiya, ban ko duba ba. Ma'ajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, tsaya. Ke bi nan, ni in sa a yi sanarwa." Ta damƙa kayan ga maƙwabciyarmu mai saida dabino, wadda ranar munka fara ganinta. Ina kutsawa cikin mutane ina duban ƙasa, don yaro a taron dare ba a ganinshi, ƙafahu kawai yake gani shi ma. Tunanina duk na wurin raƙuman da ke ɗaure bayan hili, da motocin da ke ja da baya cikin duhu. Da maganar da na yi ma Inna.

Wani yaro mai tallan shayi ne ya ce ya ga ƙaramar yarinya mai jan kallabi ta yi wajen bukkoki. Jan kallabin nan ne ya cece ni, da baƙi na ɗaura mata da bai lura ba. Na bi, ƙarar jita na raguwa, sai na fara jin tande can ƙasa-ƙasa. Ga ta zaune a cinyar wata Buzuwa, an lulluɓe ta da mayahi don sanyin dare, an ɗora hannunta kan fatar turmi tana bugu. Matar ba ta jin Hausa sosai. Ta nuna kunnen Auta, ta nuna wajen masu jita, ta girgiza kai, ta dube ni irin duban da uwa ke yi ma ɗiyarta. Ban ce komi ba, na durƙusa ina kuka. Ma'ajiya ta ce duka abin bai kai rabin awa ba.

Daren ƙarshe ban koma gaban amsa-kuwwa ba. Munka raba aiki, ma'ajiya na ciniki can, ni da Auta muna nesa inda kiɗin ke isowa da sauƙi, na rubuta lambar salulata a takarda na ɗinke cikin ƙyalle na rataya mata kamar laya. Ciniki ya ɗan ragu, ba ƙarya. Mai dabino kuwa ta maido mana kuɗinmu ko dala ba ta ɓace ba, Allah ya saka mata.

Mun maida jikka 60 da riba ƴar kaɗan, sabulu ne bai tahi ba. Auta yanzu ta hana turmin gidanmu sakat, ta rufe shi da tsohon buhu tana bugu tana waƙar da ba wanda ya san harshenta. Inna na tambaya ina ta koyo, ina cewa Ingal. Sauran labarin ba ta ji ba tukuna, don haka wadda ke karanta mata jaridar ga, don Allah ta tsallake wajen takalmin.