Hanyar Dungas Zuwa Magarya: In Tsautsayi Ya Faɗa

Ƴan uwa mata, hanyar Dungas zuwa Magarya, har Tinkim bakin iyaka, hanyar cin abincinmu ce. Gyaɗa da riɗi muke kaiwa kasuwa, ga motoci shaƙe da kaya, ga kabu-kabu, ga amalanke. Ranar da mota ta bugi amalanke, direba ya ce sa ne ya ɓallo, mai amalanke ya ce gudu ya yi yawa. Wadda ta karye kuwa tana kwance, bashin asusu na jiranta.

Kada mu karɓi "a yafe" a bakin titi. A kira jandarma su auna, su rubuta. Mu riƙe lambar mota, takardar likita da takardun sayen magani. Da su ake neman diyya wurin inshora. Haƙuri daban, haƙƙi daban.