Sama da Ƙasa a Hoto Guda

Wurno gari ne mai tarihi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da shi ribaɗi, a can ya rasu cikin 1837, a can kuma kabarinsa yake. Amma abin da ya riƙe talakan garin shi ne fadamar Gulbin Rima, inda ake noman shinkafa da tafarnuwa da albasa.

A garin nan akwai wani dattijo wanda ciwon ƙafa ya zaunar da shi, har shekara uku bai taka gonarsa ba. Yana da ɗa mai sana'ar ɗaukar hoto wurin biki da suna. Ran nan cikin marka sai ya kira shi ya ce, "Kai da kake ɗaukar fuskokin mutane, ɗauko mini gonata in gani mana. Ina so in ga shinkafa, in ga hadarin da ke bisanta."

Yaro ya ce, "To, Baba." Ya tafi da hantsi ya ɗauko. Shinkafa ta fito kore shar, amma sama ta yi fari fat kamar alawayyo. Ya koma ya rage hasken da ke shiga kyamara, sai gizagizai suka fito sarai, gona kuwa ta yi baƙi ƙirin. Tsoho ya duba duka biyu, ya ajiye, ya ce, "Wannan ba gonata ba ce." Abin ya soki yaron ƙwarai, don ya ga ƙarfin mahaifinsa kullum raguwa yake yi.

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Sai ya nufi Raba, garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, wurin wani tsohon mai hoto, ya kwashe labari ya gaya masa. Mutumin ya ce, "Ɗana, laifin ba na hannunka ba ne. Sama takan fi ƙasa haske ninki huɗu ko takwas. Idon mutum yana tsukewa in ya dubi sama, ya buɗe in ya dubi ƙasa, ba da sanin mai shi ba. Ita kuwa kyamara awo guda take yi wa duka, don haka in ta ƙoshi da ƙasa sai ta ƙware da sama."

Ya ɗauko wani ɗan gilashi mai kusurwa huɗu, wanda masu sana'a ke kira filta. Rabinsa na bisa duhu-duhu ne, duhun yana sajewa a hankali har rabin ƙasa ya zama garau. Ya ce a sa shi gaban idon kyamara, a daidaita masajensa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Ana awonsa da mataki: mai mataki 1 yana barin rabin haske ya wuce, mai 2 rubu'i, mai 3 sumuni. Ya kuma gargaɗe shi da giginya ko kuka da ta miƙe cikin sama, gama gilashin zai baƙanta kanta ya bar gindinta da haske.

Wannan matsala kuwa tsohuwa ce. Wajen 1857 wani mutumin Faransa, Gustave Le Gray, yakan ɗauki teku dabam, sama dabam, sa'an nan ya haɗa su a takarda guda. Wayoyin hannu na yanzu ma dabarar ke nan suke yi a ɓoye: sukan ɗauki hoto biyu ko uku cikin ƙiftawar ido su gauraya.

Kafin yaro ya koma gona sai ya tafi madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa cikin 1984, don ya gwada hannunsa. Can ya koyi aiki da wani gilashin kuma, zagayayye, wanda akan murza shi sannu-sannu har ƙyallin ruwa ya kwanta, shuɗin sama ya ƙara kauri. Ya lura ya fi ci in rana tana wajen kafaɗarsa, ba gabansa ko bayansa ba, yana kuma cin wajen rabin haske ko fiye, sai an rama masa.

Ya yi kwana huɗu yana jiran hadari. Ran na biyar da la'asar gabas ta haɗo. Ya tsaya bisa kunya, ya auna hasken shinkafa, ya auna na sama, ya ga tsakaninsu mataki 3 ne. Ya sa gilashi mai mataki 2, don in aka rage sama har ta yi daidai da ƙasa hoton ba zai yi kama da abin da ido ya saba gani ba. Ya ɗauka, ya kai birnin Sakkwato aka buga masa babba.

Tsoho ya karɓa ya matsa bakin ƙofa wajen haske. Ya daɗe yana dubawa bai ce uffan ba. Can sai ya sa yatsa a gefen hoton ya ce, "Wannan kunyar ta yamma ta zaizaye. Gaya wa ƙannenka su ɗaga ta kafin ruwan nan ya sauko."

Da jin haka yaro ya san tsoho ya ga gonarsa. Ya rataye hoton a bango daidai inda idonsa zai kai daga shimfiɗa, ya fita kiran ƙannensa.